Maganin ciyawa ko na cutar ganye: wanne za ka saya a Kaduna?

Da ruwan Agusta ya zauna a Kaduna, shagunan kayan noma na Kasuwar Kawo sukan cika, kusan kowa maganarsa ɗaya: "Malam, ba ni wanda ya fi ƙarfi." Wannan maganar ce take sa mutane asarar kuɗi, domin maganin da ke kashe tofa ba shi ne ke tsayar da ruɓar tumatir ba.

A ɓangaren ciyawa, glyphosate, wanda ake samu da sunaye kamar Roundup, yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa. Shi ne na tofa da kiri-kiri, masu jijiya a ƙarƙashin ƙasa. Amma ba ya zaɓe. Ya taɓa kuɓewarka ko furenka, sun tafi. Kuma ba ya gaggawa, sai an yi kwana 7 zuwa 14 kafin ciyawar ta bushe sosai, sannan yana so a samu sa'o'i ba ruwan sama bayan feshi. Kada ka ga ciyawa kore bayan kwana 2 ka ce jabu aka sayar maka.

Paraquat kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu yake ƙone ganye, shi ya sa ake sonsa. Ni dai ba na ba kowa shawararsa. Saiwa tana nan, tofa za ta sake tsirowa, kuma guba ce mai kisa wadda ba ta da makari. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ma ta haramta shi tun shekarar 2024.

Mai shimfiɗar ciyawar ado a gida, kamar yadda ake gani a Malali da Unguwar Rimi, 2,4-D ya fi dacewa da shi, don ciyawa mai faɗin ganye yake kashewa, ya bar ta adon. Sai dai iska kan kwashe shi, tumatir kuma ko ɗan kaɗan ya same shi sai ganyensa ya nannaɗe.

Cutar naman gwari, wadda ke sa ɗigo-ɗigon baƙi a ganye da ruɓa idan damshi ya yi yawa, nata maganin daban. Mancozeb da magungunan jan ƙarfe kariya suke yi, a saman ganye suke zama, don haka kafin cuta ta bayyana ake fesa su, a maimaita idan ruwa ya wanke. In ruɓa ta riga ta fara, irin Ridomil Gold MZ, mai haɗin metalaxyl-M da mancozeb, yana shiga jikin shuka. Ya fi tsada, kuma yawan maimaita shi yana sa cutar ta daina jin sa.

A shago, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka tabbata murfin a like yake. Wanda aka zuba a gorar ruwa ba suna, bar masa kayansa. In da hali, sayi famfon feshi mai lita 16 guda biyu, ɗaya na ciyawa, ɗaya na cuta. Ragowar 2,4-D a tanki ya isa ya lalata tumatir ɗin da ka je ceto.