Cajin gaggawa ga mai motar lantarki a Zariya: inda ya biya kuɗinsa da inda bai biya ba

Motar da aka yi wannan gwaji da ita batirinta na ɗaukar yunit 60, irin yunit ɗin da muke saya a mitar gida. Cajar gaggawar kuwa mai kilowat 60 ce, mai baki biyu, a wani wurin caji a Abuja. A gida akwai cajar bango mai kilowat 7. Hukuncina tun daga farko shi ne, ga mazaunin Zariya cajin gaggawa ba abin yau da kullum ba ne, amma shi ke raba tafiyar yini ɗaya da tafiyar kwana. Sauran magana lissafi ne.

A kan babban titi, da gudun kilomita 100 a awa, esi a kunne, mutum huɗu a ciki, irin wannan mota tana shan kusan yunit 17 a kowane kilomita 100. Ka manta da lambar da dillali ya nuna maka a takarda, domin a gwajin da aka samo ta akwai tafiyar cikin gari mai yawa, ba kuma a ranar Afrilu ta Zazzau aka yi shi ba. Yunit 60 ke nan zai kai ka kilomita 350 idan ka tatse batirin tas, wanda mai hankali ba ya yi. Cire kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana, abin da ya rage maka kilomita 300 ne ko sama kaɗan.

To ɗora wannan a kan hanyoyinmu. Daga Kwangila zuwa Kawo ka dawo, kusan kilomita 160 ne, yunit 27, ko rabin batir bai kai ba. Mai zuwa Kaduna ko Funtuwa ba shi da wata buƙata da cajin gaggawa, cajar gida ta ishe shi. Kano zuwa da dawowa ta haura kilomita 300, wato yunit hamsin da wani abu, kuma ba a lissafa yawon cikin birni ba. Za ta yiwu, amma daga Tashar Yari idonka ba zai bar allon mota ba har ka shigo gari. Minti goma sha biyar a kan cajar gaggawa ya isa ya cire wannan fargaba.

Abuja ce ainihin jarabawar. Kilomita 270 ne ko kusa da haka, yunit 46, sai ka isa da kashi 23 cikin ɗari. Idan ka taka ta 120 a duk tsawon hanyar, shan zai tashi zuwa yunit 21, ka isa da kashi 5, domin turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, tana bin gudu sau gudu ne. Komawa gida na buƙatar yunit 46 ɗin nan da ragowar tsaro, ga shi Zariya ta fi Abuja tudu, saboda haka sai batir ya kai kashi 90. Yunit 40 ke nan za ka zuba. A soket ɗin bango na gidan ɗan'uwa, wanda abin da ke shiga batir bai wuce kilowat 2 ba, awa 20 ne, in ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya. A caja mai kilowat 7, awa shida da 'yan kai. A mai kilowat 60, awa ɗaya. Wanda ya bar Zariya bayan asuba yana so ya gama hidimarsa ya wuce Kateri da sauran rana, ya san darajar awa biyar ɗin da ke tsakani ba ta tsaya ga jin daɗi ba. Babu mai son dare ya same shi a wannan hanya da batir yana kashi 15.

Dalilin bambancin kuwa a cikin motar yake. Batir wutar DC yake ci, wutar gida kuwa AC ce. Idan ka sa a gida, wata na'ura a cikin motar ce ke juya wutar, kuma a galibin motoci ƙarfinta kilowat 7 ne ko 11. Ko ka kai ta caja mai 22, abin da na'urar nan ta iya shi za ta ɗauka. Cajar gaggawa tana yin juyin a cikin akwatinta, ta tura DC kai tsaye cikin batir. Shi ya sa take da girman firji, take kuma buƙatar layi uku. Mai kilowat 60 tana jan sama da amf 90 a kowane layi. Taransifomar unguwa mai 300 kVA da ta riga ta gaji da injin niƙa da masu walda ba za ta ɗauki wannan cikin daɗin rai ba, don haka wurin caji na ƙwarai yakan nemi tasa taransifomar, ko batura da sola, ko janareta.

A aikace, ga yadda abin yake. Bakin cajar ya fi na famfon mai nauyi nesa ba kusa ba, wayarsa ta kai kaurin wuyan hannu. Ka tura shi har ka ji ƙarar makullin motar ta kama. Daga nan ba wuta ke fara shiga ba. Mota da caja sukan yi magana tukuna, cajar ta gwada ko akwai yoyon wuta a waya, ta daidaita ƙarfinta da na batir, sannan ka ji ƙwas sau biyu daga ƙarƙashin mota, fankoki su tashi. Wannan na cin daƙiƙa ashirin zuwa arba'in. Yawancin gazawar da na gani a nan take faruwa, kuma sau da yawa nauyin wayar ne ke jan bakin ƙasa har ƙananan tsinken sadarwa su saki. Ka tallafe shi da hannu har sai lambar kilowat ta fara hawa. Idan allon ya ƙi komai, duba jan maɓallin tsayarwar gaggawa, wani ya danna ya tafi bai murɗo shi ba. Idan motar ce ta ƙi, a duba ƙaramin batir mai bolt 12, shi ke rufe manyan makunnan ciki, in ya yi sanyi babban batir ba zai karɓi komai ba.

Lambar 60 da ke jikin akwatin alkawari ne mai sharaɗi. Daga kashi 23 allon ya nuna tsakanin 55 da 58, ya zauna a nan har wajen kashi 60, ya fara sauka, a kashi 80 yana kusa da 30, a kashi 90 bai kai 20 ba. Ba laifin cajar ba ne, motar ce ke rage abin da take karɓa don kare ƙwayoyin batir, kamar mai cika tulu da ke sassauta zubi idan ruwa ya zo wuya. Daga 23 zuwa 80 minti arba'in, daga 80 zuwa 90 kusan ashirin. Da a ce akwai cajar da za a dogara da ita a Kaduna, babu dalilin tsayawa jiran wannan goman na ƙarshe, sai ka cire a 70 ka ƙara minti goma sha biyar a can. Rashin caja ta biyu a hanya shi ke tilasta maka sayen yunit mafi jinkiri. Kuma idan wata mota ta zo ta kama ɗaya bakin, irin wannan caja tana raba ƙarfinta, kowa ya samu 30, awa ɗayan ta koma kusan ɗaya da rabi. Ka tambayi ma'aikacin wurin tun kafin ka yi alkawarin lokaci da wani.

Abin da ya fi cutar da masu sayen motar lantarki a nan shi ne bakin caji, kuma kusan ba mai faɗa musu kafin su biya kuɗi. Motocinmu daga ko'ina suke zuwa. Wadda aka yi wa kasuwar Chana tana da GB/T, mai rami biyu daban, ɗaya na AC ɗaya na DC. Ta Turai CCS2. Tokumbo daga Amurka CCS1, in kuwa Tesla ce nata daban. Tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Ba siffar ramin kaɗai ta bambanta ba, harshen da suke magana da caja ma daban ne, shi ya sa adaftar da ke haɗa CCS2 da GB/T ba guntun roba ba ce, tana da ƙwaƙwalwa da ƙaramin batirinta, tana da tsada, kuma takan yi aiki da wannan caja ta ƙi waccan sai an sabunta manhajarta. Wanda zai dogara da adafta ya gwada ta a kan ainihin cajar da yake nufi a ranar da ba ya cikin matsi. Ni dai a ganina, mai niyyar zirga-zirgar Abuja ya fara zuwa ya ga bakin da ke rataye a wuraren cajin, sannan ya zaɓi mota.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, mota ta yi awa uku a kan kwalta, batirinta ya riga ya ɗumama kafin a sa mata wuta. Mai sanyaya batir da ruwa za ka ji kwamfuresa ta tashi da ƙarfi, cajin ya ɗan ragu amma ya ci gaba. Tsohuwar Leaf ba ta da wannan tsari, kuma an san ta da rage karɓar caji sosai idan aka yi mata na gaggawa a jere cikin tafiya ɗaya. Mota ce mai kyau tsakanin Samaru da Tudun Wada, amma ba zan ba kowa shawarar ya saye ta don doguwar hanya a ƙasarmu ba. Ita ma cajar tana jin zafi. Wadda aka girke a fili ba rumfa, matatar iskarta ta toshe da ƙurar hunturu, za ta rage ƙarfi da kanta da tsakar rana. Kafin ka sa, leƙa cikin bakin. In ka ga ƙura ta daskare ko tsinken ya yi baƙi alamar ƙuna, koma ɗaya bakin.

Maganar kuɗi tana da sauƙi idan ka riƙe ƙa'ida ɗaya. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ƙona kusan lita 22 zuwa Abuja, ta lantarki yunit 46. Lita ɗaya ke nan tana daidai da yunit biyu da ɗan ɗori. Muddin kuɗin yunit a wurin caji bai kai rabin kuɗin litar fetur ba, kana kan riba. A gida ribar ta fi yawa. Ko da farashin wutar Band A na naira 225 da aka sa a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi, yunit 51 da mita za ta ƙirga, har da kashi goman da ke ɓacewa a zafi, bai kai naira 12,000 ba. Bayan an cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, fetur ya yi ta hawa har kuɗin lita 22 ya wuce wannan nesa. Wurin cajin gaggawa dole ya fi gida tsada, musamman idan janareta ke ɗauke da shi, tunda litar dizal ɗaya yunit uku da ɗan wani abu take bayarwa. Ba na ganin tsadar a matsayin cuta. Sau biyu ko uku a wata za ka saya, kuma lokaci kake saya. Abin da ba na so shi ne wurin da ke lissafi da minti maimakon yunit, domin idan zafi ko raba wuta ya rage ƙarfin cajar, kai ne za ka biya jinkirin.

Babban aibin wannan hidima shi ne ƙarancinta. Wuraren cajin gaggawa a Najeriya har yanzu ƙidayayyu ne, mafi yawansu a Legas da Abuja. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, ta yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka, amma waɗannan na gwaji ne a cikin makarantu, ba jerin tashoshin kan hanya ba. Sakkwato kuma kusan kilomita 400 ce daga Zariya, ta fi ƙarfin cajin batir ɗaya. Jos ba ta kai Abuja nisa ba, sai dai hawan sama da mita 500 yana ƙara wa mota mai nauyin tan biyu kusan yunit uku, wanda za ta dawo maka da wani ɓangarensa a gangarowa. Saboda haka kada ka tashi sai ka kira wurin da safen ranar, ka tambayi abu uku: akwai wuta yanzu, wane baki ne ke aiki, kuma ta yaya ake biya, domin wasu sai da manhaja, manhaja kuma sai da intanet. Ka ajiye wayar cajin soket a but ko yaushe.

Cunkoso, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne mafi ƙarancin damuwa. Mota a tsaye esi kawai take ciyarwa, yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Awa biyu a go-sulo inda ake aikin titi bai wuce kashi 5 ba.

Duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan ka bar gida da kashi 100, don haka cajar gida ba wurin yin arha ba ce. Mai kilowat 7 tana jan amf 32 na awoyi a jere. A ja mata layinta daga allon rarraba wuta da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, ko 10 idan nisan ya yi yawa, da bireka mai amf 40, da na'urar katse wuta idan ta yi yoyo, da sandar ƙasa da aka kafa da gaske, domin caja da yawa ba sa tashi in babu wayar ƙasa. Inda wuta ke faɗuwa zuwa bolt 190 da yamma, kilowat 7 ya koma 6, in ta ƙara ƙasa cajar ta yanke. Ka fara cajin tun kwana biyu kafin tafiya, kada ka bar shi ga daren ƙarshe. Idan batirinka irin LFP ne, kamar na galibin motocin BYD, cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci yana gyara lissafin da allo ke nunawa, in ba haka ba sai ka ga kashi 12 ya faɗo 4 farat ɗaya kana tsakanin Birnin Yero da Jaji.