Asubar rana mafi tsawo: cocin New York ko duwatsun Stonehenge?

Ranar 20 ko 21 ga Yuni ce yini ke kaiwa ƙarshen tsawonsa a arewacin duniya, kuma akwai wurare biyu da jama'a ke hana idonsu barci don tarbar wannan asuba.

A birnin New York, babban cocin St. John the Divine, wanda aka aza harsashinsa a 1892, yakan buɗe ƙofa tun da sauran dare. Da ƙarfe huɗu da rabi Paul Winter, mai busa saksofon, da abokan kiɗansa suke farawa cikin duhu ƙirin. Tsawon ginin ya haura mita 180, shi ya sa busa ɗaya takan daɗe tana yawo a rufi kafin ta mutu. Ko tafin hannunka ba ka gani, kunne ne kaɗai ke aiki, har gari ya soma wayewa, launukan gilasan tagogi su bayyana sannu a hankali. Tikiti ake saya, amma a zaune kake, ruwa ba zai taɓa ka ba.

Stonehenge kuwa, wani daɗaɗɗen da'irar manyan duwatsu a Ingila, shigarsa kyauta ne a wannan dare. Dubban mutane ke kwana a fili da barguna da ganguna, suna jiran rana ta ɓullo daura da Heel Stone, dutsen da ke tsaye shi kaɗai a wajen da'irar, wajen ƙarfe biyar saura. Sai dai hadari kan rufe sama, a watse ba a ga komai ba.

Ni cocin nake zaɓa. Hayaniyar taron Stonehenge tana cinye natsuwar da aka je nema.