Yadda manhajar Bloom ta taimaka mini na fitar da littafin yara

Na daɗe ina koyarwa a firamare ina ƙirƙira wa ɗalibaina labarai da baki, amma ban iya mayar da su littafi ba sai da na gwada Bloom, manhajar kwamfuta da ƙungiyar SIL ta samar kyauta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take haska duk jimlar da ta zarce tsawon da na ƙayyade, wanda ya tilasta mini datse surutun da na saba yi a gaban allo. Tana kuma jera shafuka yadda za a buga a naɗe. Ranar da wata ɗalibata mai jin kunya ta karance shi ita kaɗai, sai da na share ƙwalla.