Saƙo daga Talea, can kan duwatsun Wahaka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka ce in faɗa maka yadda kaya da zama suke a nan, to ga shi.

Talea de Castro ƙaramin gari ne na 'yan ƙabilar Zafotek a duwatsun arewacin jihar Wahaka ta ƙasar Meksiko, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Kofi da masara suke nomawa a gangaren dutse. Kofi kam araha, a hannun wanda ya shanya shi a tsakar gidansa kake saya. Amma duk abin da mota ta hauro da shi daga birni, siminti ne ko gas ɗin girki, sai ka ji a jikinka, don tafiyar awanni ce a hanya mai kwana-kwana da hazo.

Masara ce abincinsu safe da dare. A tafasa ta da farar ƙasa ta kwana, da asuba mata su kai injin markaɗe, a faɗaɗa ƙullun a gasa a kasko. Zoɓo ma suna sha, sai dai salam, ba citta ba kanumfari. A nama nake shan wahala: kitsen alade suke shafawa a abinci da yawa, dole in tambaya kafin in ci, kaza kuwa da rai nake saya in yanka da kaina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba sa zaman jiran gwamnati. Gyaran hanya, bututun ruwa, sharar makaranta, duk da gayya ake yi, sai dai tasu wajibi ce, wanda ya ƙi fita a ci shi tara. Shugabannin gari kuma a taron jama'a ake naɗa su, ba da jam'iyya ba. Kai, har layin waya! Da manyan kamfanoni suka ƙi zuwa wai mutanen sun yi kaɗan, a 2013 garin ya kafa nasa da taimakon ƙungiyar Rhizomatica, aka fara da peso 15 a wata, kowa ya samu kiran 'ya'yansa da ke ci-rani a Amurka da rahusa.

Daddawa da kuka ne babu ko na magani. In an sami mai zuwa, Inna ta ƙulla mini. A gaishe ta da kyau, da su Gwaggo da yara.