Perry Mason ya faɗi shari'a: farkon ya kama ni, ƙarshen ya ɓata min rai

Duk wanda ya saba kallon Perry Mason, tsohon shirin talabijin na Amurka kan wani lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, ya san hanyar da labarin zai bi tun kafin kiɗan buɗewa ya ƙare. A kashe wani, 'yan sanda su cafke wanda bai ji ba bai gani ba, lauyan gwamnati Hamilton Burger ya shigo kotu da ƙarfin gwiwarsa, can kusa da ƙarshe Mason ya miƙe a hankali ya titsiye wani shaida da tambayoyi har sai ya rushe ya ce shi ne ya yi. Kashi 271 aka yi a tashar CBS ta Amurka daga 1957 zuwa 1966, kuma kusan dukkansu a kan wannan turbar suke. Ni dai ban taɓa gajiya da hakan ba, don shi nake kallo ma. Shi ya sa kashin da ake kira The Case of the Deadly Verdict, na zango na 7, wanda aka fara nunawa a watan Oktoba na 1963, ya zo min a ba-zata, kuma har yanzu raina bai gama kwanciya a kansa ba.

Babu gawa a farkonsa, babu wata baiwar Allah da ta shigo ofis a firgice tana neman lauya. Ana buɗewa an riga an gama shari'a, an gama jin shaidu, kowa yana zaman jiran mutum 12 ɗin nan masu taya alƙali yanke hukunci su fito daga ɗakin shawara. Suka fito, aka karanta takarda: Janice Barton ta aikata, ita ta kashe gwaggonta mai dukiya. Hukuncin kuma kisa ne, a ɗakin iskar gas mai guba. Wallahi sai da na tsayar na dawo da shi baya don in tabbatar kunnena bai yi min ƙarya ba. Wadda Perry Mason yake karewa, ita aka yanke wa kisa, kuma tun a mintunan farko.

A nan ne na ƙara yarda cewa Raymond Burr, da yake fitowa a Mason, bai ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 1959 da 1961 a banza ba. Bai yi ihu ba, bai buga tebur ba. Fuskar nan tasa mai faɗi da manyan idanu kawai ta yi nauyi, kafaɗunsa suka sauka, ka ga mutumin da ya san akwai ran da ke rataye a wuyansa. Shekara shida masu kallo suna ganinsa yana fita daga kotu da murmushi, a je a ci abinci da sakatariyarsa Della Street da mai yi masa bincike Paul Drake a yi raha a rufe shiri. A wannan karon babu raha. Barbara Hale ma, da take fitowa a Della, ba ta yi magana mai yawa ba, amma irin kallon da take bin maigidanta da shi ya ishe ka fahimtar cewa ofishin nan ya shiga wani hali da bai taɓa shiga ba. Shi kuma Burger, wanda kullum shi ne ke shan kaye, ban ga murna a fuskarsa ba, kuma hakan ya burge ni ƙwarai. William Talman, da yake fitowa a Burger, ya daɗe yana nuna mutumin nan a matsayin ma'aikaci mai gaskiya da yake tsayawa kan abin da hujja ta nuna masa, ba azzalumi ba. Abin da ya sa hukuncin ya fi tsoratarwa ke nan: babu wanda ya ci hanci, babu wanda ya murɗe shari'a, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, amma duk da haka ga mace mai gaskiya za a kai ta ga mutuwa.

Akwai abin da ya kamata mai kallo ya lura da shi. Yawancin shari'o'in da ake nunawa a wannan shiri ba sa kaiwa gaban mutum 12 ɗin nan. A zaman share fage ake gama su, inda alƙali shi kaɗai yake duba ko hujjar gwamnati ta isa a tura mutum babbar shari'a. A nan Mason yake fasa ƙwan, a sallami wanda yake karewa tun kafin abu ya yi nisa. To wannan karon abu ya yi nisa, ya wuce duk inda aka saba tsayawa. Kuma ga mutanen Amurka na 1963 ɗakin gas ba tatsuniya ba ce. A gidan yarin San Quentin na jihar Kalifoniya, jihar da labarin yake faruwa, an kashe Caryl Chessman a 1960 bayan duniya ta yi ta roƙo a yi masa sassauci. A watan Agusta na 1962, wata 14 kacal kafin a nuna wannan kashin, a ɗakin aka kashe wata mata, Elizabeth Duncan, bisa laifin ɗaukar hayar mutum biyu su kashe matar ɗanta. Saboda haka wanda ya zauna gaban talabijin a daren nan ya san sarai cewa kasancewar Janice mace ba zai hana a zartar ba. Doka a jihar ta ce duk hukuncin kisa sai ya je kotun ƙolin jihar ko da ba a ɗaukaka ƙara ba, amma wannan kotun kurakuran shari'a take dubawa, ba ta sake jin shaidu daga farko. In ba a yi kuskure a zaman ba, to sai dai a nemo sabuwar hujja.

Na tabbata wannan labarin ya taɓa zuciyar Erle Stanley Gardner, marubucin da ya ƙirƙiro Mason tun 1933. Lauya ne shi kansa, ya yi aiki a Kalifoniya yana kare talakawa da 'yan ci-rani 'yan ƙasar Sin, kuma a ƙarshen shekarun 1940 ya haɗa wasu masana suka riƙa bin shari'o'in mutanen da suke ganin an ɗaure su bisa kuskure. Mutumin da ya san irin wannan aikin ya san cewa kotu takan yi kuskure ba tare da mugun nufi ba. Sauran sassan shirin suna lallashin mai kallo ne cewa gaskiya kullum takan fito a kan lokaci. Wannan kaɗai ya yarda ya nuna ranar da ta makara.

Wurin da ya fi ko'ina tsaya min shi ne inda Mason ya koma gidan marigayiyar shi kaɗai, yana bin ɗakuna cikin duhu, muryoyin shaidun da suka yi magana a kotu suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Hoton baƙi da fari ya yi wa wurin nan rana, da mai kala ne da ya lalace. Kana kallonsa yana auna kowace magana da inda aka ce abin ya faru, yana neman inda ya yi sake. Duk lauyan da ya taɓa faɗuwa shari'ar da ya yi imani da ita zai gane wannan tafiyar. Da a nan aka tsaya aka tambaye ni, da na ce wannan ne kashi mafi kyau a duk shirin, ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Amma fa daga nan raina ya fara ɓaci, kuma Janice ce ta fara ɓata shi. Ashe dalilin faɗuwar tun asali shi ne ta ƙi faɗa wa lauyanta gaskiyar inda take a daren da aka yi kisan, wai tana rufa wa wani na jikinta asiri. Haba baiwar Allah! Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. An yanke miki hukuncin kisa, ga mutum yana neman ya kashe kansa da aiki saboda ke, kina kallonsa kina cije baki. Julie Adams, da ta fito a Janice, ta yi iya ƙoƙarinta, idanunta sun nuna tsoro da taurin kai a lokaci guda, ba ita nake zargi ba. Marubutan nake zargi. Sun so a ce Mason ya faɗi, amma ba su da ƙarfin halin barin laifin ya hau kansa ko da ƙanƙani, sai suka ɗora wa matar duka. Ba a nuna ya yi kuskuren lissafi ba, ba a nuna Burger ya fi shi dabara ba. An ɗaure masa hannu ne kawai aka tura shi fage. Wannan ba faɗuwa ba ce ta gaskiya, kuma ni na ji kamar an rage min abin da aka yi min alkawari a farko.

Sannan ita kanta shari'ar da aka ce ya faɗi, ba mu gan ta ba. Guntayen maganganu kawai muka ji. Kamar a gayyace ka walima ka iso an naɗe tabarmi, sai a zaunar da kai ana ba ka labarin yadda miyar ta yi daɗi. Shekara da shekaru Talman yana faɗuwa a gaban jama'a kowane mako, ranar da aka ba shi nasara sai aka hana mu ganin yadda ya same ta. Ina so in ga ya tsaya gaban mutum 12 ɗin nan ya jero hujjojinsa, in ga ya kama Janice da tambaya ta rasa amsa, in ga Mason yana zaune ya san jirgin ya fara nutsewa kuma babu abin da zai iya. Minti biyar ma da sun isa. Talman ya cancanci wannan, musamman in ka tuna cewa shekara biyu bayan an rufe shirin, a 1968, ciwon dajin huhu ya kashe shi, bayan ya tsaya gaban kyamara yana cikin ciwon ya gargaɗi jama'a game da taba.

Dangin marigayiyar kuma an jibgo su da yawa, kowa da idonsa a kan gado. Dalilin a fili yake, tunda wanda ya kashe ba ya cin gadon wanda ya kashe, a dokarsu kamar yadda yake a shari'ar Musulunci, don haka duk wanda ya tura Janice ɗakin gas kasonsa ya ƙaru. Tunani ne mai kyau, sai dai cikin minti 50 ba a ba mu damar sanin kowannensu ba. Suna wucewa ne kawai, har na riƙa rikita wane ne ɗan wane. Kwafin da na samu wurin mai tura fina-finai ma bai taimaka ba, sautin yana ƙasa sosai, rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto kuma yana makara, ga shi a wurin muryoyin nan na cikin gida ne aka fi bukatar jin kowace kalma. 

Babban abin da ya ƙona min rai dai shi ne ƙarshen. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba saboda waɗanda ba su gani ba, amma dole in faɗi yadda aka kama shi: ba a kotu ba. Tarko aka ɗana masa a cikin gida, ya zo da shigar burtu, aka yi ram da shi. Shi ke nan. Ina tambayoyin? Ina lokacin nan da Mason yake matsowa kusa da akwatin shaida, ya sassauta murya, ya jefa tambayar da mutum ba shi da hanyar kauce mata? Abin da ya raba wannan shiri da sauran fina-finan 'yan sanda ke nan, ana kama mai laifi da magana da hankali, a gaban alƙali, a gaban jama'a. A gaban jama'a aka kira Janice mai kisan kai, a gaban jama'a ya kamata a wanke ta. Sai aka kai abin wani lungu cikin dare, inda kowane ɗan sanda ma zai iya yin aikin.

Duk da wannan ƙorafin, ba zan ce kada a kalla ba, don na san sunan da kashin ya yi ba a banza ya yi shi ba. A 2009, lokacin da majalisar dattawan Amurka take tantance Sonia Sotomayor don zama alƙaliyar kotun ƙoli, ta faɗi cewa kallon Perry Mason tana yarinya yana cikin abin da ya ja ta ga aikin gabatar da ƙara, sai Sanata Al Franken ya tambaye ta sunan shari'ar da Mason ya faɗi, ta kasa tunawa. Shekara 46 bayan nuna shi ana maganarsa a zauren majalisa. Shawarata kawai ita ce kada wanda bai san shirin ba ya fara da shi. Ya fara da na zangon farko na 1957, ya saba da ganin Mason yana cin nasara har ya ɗauka haka duniya take, sannan ya zo nan, in ba haka ba hukuncin farkon nan ba zai girgiza shi yadda ya kamata ba.

Da ni aka ba alƙalamin, da minti goman ƙarshe kotu zan mayar da su. A zauna sauraron buƙatar sake shari'a, a kira mai laifin a matsayin shaida yana ganin ya riga ya tsira, Mason ya warware shi zare-zare. Sannan Burger da kansa, shi da ya nemi a kashe ta, ya miƙe ya roƙi alƙali a soke hukuncin, Janice tana zaune tana ji.