Project Gutenberg: Rumbun Labaran Binciken Kisa na Kyauta, da Inda Yake Tuntuɓe

Wanda labaran binciken kisa suka shiga ransa, kuma yake son ya san tushensu ba tare da ya kashe ko sisi ba, da wuya ya samu wurin da ya kai shafin intanet na Project Gutenberg. Michael Hart ne ya assasa shi a 1971 a Amurka, yanzu kuma littattafan da ke ciki sun haura 70,000. Ba a rajista, ba a biyan kuɗin wata, ba talla da ke tsalma kai tsakiyar shafi. Sai dai shafin ba ya riƙe wa kowa hannu. Ya zube kayan ne kawai, zaɓe ya rage ga mai karatu, kuma a irin wannan labari zaɓen fayil marar kyau na iya lalata littafi sukutum.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne iyakarsa. Littafin da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a dokar Amurka shi ake sawa, kuma ga tsofaffin littattafai wa'adin shekara 95 ne daga ranar bugu. Kowace 1 ga Janairu ake buɗe na shekara guda. Saboda haka mai neman marubutan zamanin nan zai fita hannu rabbana, har Raymond Chandler, wanda littafinsa na farko ya fito a 1939, bai iso ba tukuna. Kuma dokar Amurka ba ita ce ta kowa ba. Agatha Christie ta rasu a 1976, don haka a ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 bayan rasuwar marubuci littattafanta suna nan a kulle. Shafin da kansa yana gargaɗin mutum ya duba dokar ƙasarsa kafin ya sauke.

A cikin wannan iyaka kuwa akwai arziki. Mai ƙaramin lokaci, wanda karatunsa bai wuce minti 30 kafin barci ba, ya fara da The Adventures of Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle, na 1892: labari 12 ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Mutane da yawa suna farawa da A Study in Scarlet na 1887 don shi ne na farko, sai a tsakiyar littafin labarin ya bar Landan ya koma jihar Utah ta Amurka da wasu mutane dabam, mai karatu ya ɗauka fayil ne ya haɗu da wani littafi. Ba matsalar fayil ba ce, haka Doyle ya rubuta shi, kuma zaren yana dawowa. Duk da haka ba shi ne ƙofar shiga mai daɗi ba. In dogon labari ake so, The Hound of the Baskervilles na 1902 ya fi shi riƙe mutum. Daga nan sai littattafan Agatha Christie: The Mysterious Affair at Styles na 1920, inda mai bincikenta Poirot ya fara bayyana, sannan The Murder of Roger Ackroyd na 1926, wanda shawara ɗaya ce a kansa: kada a karanta komai game da shi, ko layi guda, kafin a gama. The Moonstone na Wilkie Collins, na 1868, ya cancanci sunan da ya yi, amma dogo ne, mutane dabam-dabam ne ke karɓa-karɓa wajen ba da labarin, sai a ajiye shi sai an saba da tsohon Turanci. Wasu daga cikin littattafan nan suna ɗauke da raini ga baƙi da wasu ƙabilu irin na zamaninsu, kuma ba a taɓa rubutun ba, yadda yake haka za a same shi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sauke fayil. Kowane littafi yana da jerin zaɓi: karatu kai tsaye a intanet, EPUB3 (sabon samfurin EPUB, wato fayil ɗin littafin lantarki), EPUB na tsofaffin na'urori, EPUB marar hotuna, na Kindle (na'urar karatu ta Amazon), da rubutu zalla. Mai tattalin data yakan danna marar hotuna ko rubutu zalla don sun fi ƙanƙanta. A labarin soyayya babu abin da ya rasa. A labarin bincike kuwa hoton shaida ne. Cikin Styles akwai zanen saman gidan da ke nuna ɗakin wa ke kallon na wa, akwai zanen ɗakin matar da aka kashe da inda kowace ƙofa take, akwai guntun takarda da ya tsira daga wuta. Marubuciyar ta sa su ne don mai karatu ya yi gogayya da Poirot, ya auna ko maganar wanda ake zargi ta dace da inda ƙofar take. Haka labarin Holmes na ƴan mutane masu rawa, cikin The Return of Sherlock Holmes: saƙon asirin duka zanen ƙananan mutane ne, wani ya ɗaga hannu, wani riƙe da tuta. In babu zanen, Holmes zai yi ta bayanin abin da mai karatu bai taɓa gani ba. To a ɗauki EPUB3. A buɗe littafin a intanet tukuna, a gangara zuwa inda ake maganar zane a tabbatar yana nan, domin wani lokaci littafi ɗaya yana da kwafi biyu a shafin, ɗaya tsoho ɗaya gyararre. Mai Kindle ya tura EPUB ɗin ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta aika fayil zuwa na'urar. A waya kuma kowace manhajar karanta EPUB za ta buɗe shi.

Akwai wasu ramuka biyu da ke tona ƙarshen labari. Shafin kowane littafi yanzu yakan zo da taƙaitaccen bayani da na'ura ta rubuta. Yawanci farkon labarin yake taɓawa, amma babu dalilin yin kasada, a tsallake shi. Na biyu ya fi cutarwa, wato akwatin nema na manhajar karatu. Waɗannan littattafai suna da mutane takwas ko goma a gida ɗaya, in aka ajiye littafi kwana uku sai sunaye su cuɗe. Mutum ya rubuta suna don ya tuna wane ne, manhaja ta jero masa duk inda sunan ya fito, har da babin ƙarshe inda ake kama shi. Maganin takarda ce da biro: a babi uku na farko a rubuta sunan kowa, alaƙarsa da mamacin, da inda ya ce yana lokacin da abin ya faru. Wannan ya fi kowace dabara ta na'ura amfani, kuma shi ke sa mutum ya lura in shaida ya canza magana.

Ƙaramin abin haushi kuma: doguwar takardar lasisi da ke manne a ƙarshen kowane fayil. A gajeren littafi manhaja za ta nuna saura shafuka da dama, mai karatu ya zaci akwai sauran juyi, sai ya tarar labari ya ƙare.

Ta fuskar tsaftar rubutu, masu sa kai ne ke tantance shafukan, musamman ta shafinsu na Distributed Proofreaders, kuma kurakurai ba su da yawa a sanannun littattafai. Fassara ce ke da rauni. Labaran Arsène Lupin na Maurice Leblanc da The Mystery of the Yellow Room na Gaston Leroux da Faransanci aka rubuta su, kuma fassarar Turancin da ke shafin yawanci ta sama da shekara 100 ce, wani wuri a sandare take. Mai jin Faransanci ya nemi na asali, akwai su a ciki. Wanda tsarin shafi ya dame shi ya leƙa Standard Ebooks, waɗanda kan ɗauki irin waɗannan littattafai su sake tsara su da kyau, kyauta su ma, sai dai tarinsu bai kama ƙafar na Gutenberg ba. Mai son saurare kuma shafin LibriVox na da yawancin labaran Holmes da muryar masu sa kai, amma a saurari minti biyu na babi na farko da na tsakiya kafin a sauke duka, don wani littafin mutane da yawa ne suka raba babobinsa, kuma muryar wani ba ta fita sosai.