Wata goma sha huɗu da fakej ɗin tsere a motata, ga abun da na gani

Ranar da na je yin odar motar nan dila ya ajiye min takarda biyu a kan tebur, mota ɗaya ce, inji ɗaya, fenti ɗaya, bambancin kawai ta biyun an ƙara mata abun da suke kira fakej ɗin tsere, kuɗin kuma ba na wasa ba ne dan sai da na ɗan yi shiru ina kallon takardar. Ya ce min ranka ya daɗe in ka bar wannan wallahi sai ka yi da-na-sani, motar ba ta cika mota ba sai da shi. Na san bakin dila sarai, ai ba a tambayar mai kaya ko kayansa na da kyau, amma zuciya ta riga ta kwaɗaitu, na sa hannu. Yanzu wata goma sha huɗu ke nan, na ci kilomita kusan dubu goma sha tara da ita, sau huɗu na kai ta filin tsere, sauran duk zuwa aiki ne da dawowa da ɗan yawon ƙarshen mako, toh ina ganin na isa in faɗi wani abu a kai.

Abun da ke cikin nawa fakej ɗin: manyan birki a gaba, tayoyi masu laushin roba da faɗi, sifirin da shakazoba masu tauri, lagireto babba, aksul na baya mai hana taya ɗaya juyawa a banza, sai ɗan leɓen roba a ƙasan bamfa da fiffike a baya. Ka lura ban ce komai a kan inji ba? Toh nan ne na fara cin karo. Ni a raina na ɗauka in na taka totur za ta fi ta abokina da ya sayi irinta ba fakej, muka jera a miƙaƙƙen layin filin tsere muka taka tare, wallahi kafaɗa da kafaɗa muka tafi, ɗan tazarar da na ba shi a farkon tashi ne kawai shi ma dan tayata ta fi tasa kama kwalta, sai dariya yake min yana cewa malam ina kuɗinka suka shiga.

Kuma ba motata kaɗai ba ce, haka tsarin yake kusan ko'ina. Mustang GT ta 2018 ƙarfin doki 460 take da shi, ka saka mata Performance Package ko kar ka saka 460 ɗin ne dai, abun da kake samu shi ne birkin Brembo mai fistin shida a gaba, lagireto babba, aksul ɗin Torsen mai hana taya ɗaya juyawa a banza da tayoyin Michelin. Corvette ta 2020 da fakej ɗin Z51 daga doki 490 take komawa 495, doki biyar kacal, shi ma daga salansa ya fito. Abun dariyar ma, ƙarshen gudun mai Z51 ɗin ya fi na marar shi ƙasa, wajen kilomita 296 a awa maimakon 312, saboda fiffiken da ke danna ta ƙasa a kwana shi ne kuma yake riƙe ta a iska. Porsche 911 Carrera ta 2020 ita kuma da fakej ɗin Sport Chrono tana kai kilomita 100 a daƙiƙa 4.0 maimakon 4.2, wato kafin ka ƙifta ido bambancin ya wuce. Duk wanda zai biya kuɗin nan dan ya ji an manna shi da kujera in ya taka totur, gaskiya ya riƙe kuɗinsa.

Sai da na je filin tsere karo na biyu na gane me na saya. Zafi na saya wa magani, shi ke nan.

Bari in daɗe a kan birki dan shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta, ni ma ina cikinsu da. Babban birki ba ya sa ka tsaya da wuri a takun farko. Birkin kowace mota ta zamani yana da ƙarfin da zai kulle taya har ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa gaba ɗaya, ya fara kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, daga nan kuma taya ce ke yanke hukuncin inda za ka tsaya, faifan birki ya gama nasa. Inda babban yake nuna kansa shi ne taku na takwas, na tara, na goma a jere, domin birki ba abun da yake yi illa ya mayar da gudu ya koma zafi, kuma lissafin ba ya tafiya daidai wa daida, tsayar da mota daga kilomita 200 zafin da zai fitar ninki huɗu ne na tsayar da ita daga 100. Ƙaramin faifai yana cika da zafi da wuri, fad ɗin ya fara santsi, man birki ya tafasa ya yi kumfa, kumfa kuma tana matsuwa ba kamar mai ba, sai ka ji feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa kai kuma kwana na tunkaro ka. Abokin nan nawa mai dariya a zagaye na biyar ya fita gefe, ƙafafun gabansa na warin ƙauri, ya ce birki ya zama kamar ya taka soso. Ni na yi minti ashirin ɗina cif feda na nan daram inda take. Ranar ni na yi dariya.

Amma fa in zan yi adalci, da ya koma ya zuba man birki mai jure zafi, dan man birki mai lamba DOT 4 ma mafi ƙarancinsa sai digiri 230 yake tafasa in sabo ne, na tsere kuma sun wuce haka sosai, ya sa fad masu kyau, sai ga shi yana kai zagaye goma ba matsala da ɗan kuɗin da bai kai ko kusa da nawa ba. Wannan ta ɗan sosa min rai ba zan ɓoye ba.

Abun da bai iya kwaikwaya ba shi ne aksul da sanyaya inji. Aksul na gama-gari in ka shiga kwana nauyin mota ya koma gefe ɗaya, tayar ciki ta yi sakayau, toh duk ƙarfin injin can yake gudu wajen tayar da ba ta kama komai, ka ji tana ƙara tana hayaƙi motar kuma ba ta gaba, ko kwamfutar motar ta yanke maka wuta. Nawa yana tura ƙarfin wajen tayar da ke da riƙo, kana fitowa daga kwana ka taka sai ka ji bayan motar ya zauna ya tura ka, kuma wannan ba sai a filin tsere ba, ko a shataletale in an yi ruwa ko wajen fita daga mahaɗa da sauri ina jin sa kullum. A duk fakej ɗin shi ne abun da na fi so. Lagireton kuma ba ka ganin aikinsa sai ranar da ake zafi kana ta taka inji har jan layi, wato ƙarshen juyinsa, tasa motar allurar zafin baƙin mai ta hau har ta rage wa kanta ƙarfi dan kar ta yi obahitin, tawa ko gezau.

Yanzu taya. In ka tambaye ni mene ne ya fi canja yanda motar take a hannu, sitiyari ya yi kaifi, kwana ta zama kamar an ɗora ka a kan layin dogo, zan ce maka taya ce, ta fi duk sauran a haɗe, kuma ita ce abun da kowa zai iya zuwa ya saya gobe ba tare da wani fakej ba. Ita ce kuma ta fi cin aljihu. Na bayan nawa a kilomita dubu goma sha shida suka ƙare tas, kuma da yake na baya sun fi na gaba faɗi ba damar ka juya su ka kai na gaba baya su ci daidai. Ka duba lambar jimirin da ake bugawa a jikin taya kafin ka sa hannu, misali a tayoyin Michelin, Pilot Sport 4S 300 ce, Cup 2 kuma 180, alhali tayar duk-yanayi ta kamfanin ɗaya 540 ce, ƙaramar lamba riƙo da yawa rai gajere. Wanda kuma yake zaune inda ake sanyi ya sani in yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 robar irin wannan taya tauri take yi ta daina kamawa, dole sai ya tanadi wani saiti daban na hunturu, wani kuɗin ke nan da ba a rubuta a takardar dila ba.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma kullum kana tare da su. Motar ta yi tauri, duk wani ɗan rami ko gargada sai ya iso ƙashin bayanka, uwargida tun wata na biyu ta ce in dai tafiyar ta wuce awa ɗaya a ɗauko ɗaya motar. Nan na yi kuskure da kaina, akwai zaɓin shakazoba mai maganaɗisu, irin fasahar MagneRide da ta fara fitowa a Cadillac a 2002, wanda man cikinsa ke da garin ƙarfe yana yin kauri ko ya saki gwargwadon wutar da aka ba shi, na ce kuɗin sun yi yawa na tsallake, da na sani da shi na fara ɗauka. Wilin gaba kwana uku da wanki ya yi baƙi ƙirin da ƙurar birki, da safe kuma birkin na ɗan yin ƙiii a cikin cunkoso mutane na waige. Leɓen bamfa na goge shi a tudun rage gudu ya fi a ƙirga. Mai ma ta ɗan fi sha a doguwar hanya dan giyar aksul ɗin gajeriya ce, inji na juyi da yawa a gudu ɗaya, kamar dai yanda ta Mustang mai giyar hannu ke tashi daga 3.55 zuwa 3.73.

Toh da za a mayar da ni gaban teburin nan me zan yi? Zan ɗauki biro in raba jerin kayan gida biyu, wanda zan iya sakawa daga baya cikin sauƙi da wanda sai an kwance rabin mota. Taya, fad, man birki, fiffike, sitika, ɗinkin kujera mai launi, duk waɗannan ba sa cikin lissafi. Aksul, lagireto da na'urar sanyaya mai, manyan birki da aka daidaita da kwamfutar motar tun daga masana'anta, su ne in ka ce za ka sa daga baya kuɗin kaya da na makaniki sai ya wuce na fakej ɗin, ga shi kana iya taɓa garantinka. In gida na biyu ya fi nauyi kuma ka san har ga Allah za ka je filin tsere ko sau biyu ne a shekara, ko kana da hanya mai kwana-kwana da kake bi dan jin daɗi, ɗauka kar ka yi wata-wata. Maganar cewa zai dawo maka da kuɗinka ranar sayarwa kuma kar ka dogara da ita, na tambaya an taya min motar, mai fakej ta fi saurin samun mai so amma abun da aka ɗora min a kai bai kai rabin wanda na biya ba.

Ni dai zan sake ɗauka, saboda aksul ɗin da kuma ranakun nan huɗu, tauraro huɗu cikin biyar na ba shi. Ƙanina da ke shirin sayen irinta wanda daga gida sai ofis sai ɗaukar hoto, na ce masa ya bar fakej ya sa taya mai kyau kawai, ya ce ai shi birkin nan mai jan launi da ake hangowa ta cikin wili yake so. Na ce toh wannan fenti ne, gwangwani ɗaya ya ishe ka.